Yunwar da Likita Ya Tsara: Tarihin Tiyatar Rage Ƙiba da Jinyar da Ke Bayanta

A ƙasar Hausa, idan aka daɗe ba a ga mutum ba, ranar da aka haɗu aka ce masa “ka yi ƙiba”, yabonsa aka yi. Ana nufin ya sami hutu, hankalinsa a kwance yake, tukunyar gidansa ba ta sauka ba. Idan kuwa aka ce “wane ya rame”, tambaya ce ke biyo baya: ciwo ne, ko bashi, ko matsalar gida? Amaryar da ta yi wata uku a ɗakinta ba ta murmure ba, sai danginta sun bincika. Wannan ma'auni ya daɗe tare da mu, kuma yana da dalilinsa a tarihi.

Yau kuma akwai ma'aikata da 'yan kasuwa da matan aure da ke biyan miliyoyin naira a asibitocin kuɗi na Legas da Abuja, ko su hau jirgi zuwa Alkahira ko Indiya ko Istanbul, domin likita ya rage musu tumbi. Su dawo gida su shiga rama da gangan, a tsakiyar dangin da suka gaji tsoron rama tun daga kakanni. Tiyatar rage ƙiba ta kai shekara 70 a duniya, kuma darasi ɗaya tarihinta yake ta nanatawa: aikin wuƙa na sa'a ɗaya ne ko biyu, amma abin da ke raba wanda ya warke da wanda ya nakasa shi ne watanni da shekarun da ke biyo baya. Kafin a gane nauyin wannan darasi a wurinmu, sai an fara daga gona.

Ƙasar da ta san yunwa

Bici tana kimanin kilomita 40 daga birnin Kano a kan hanyar Katsina, cikin ƙasar noma mai cunkoson jama'a, inda gona ke manne da gona, ba a barin ƙasa ta huta, sai dai a ciyar da ita da taki kowace shekara. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin yadda karkarar Kano take ɗaukar wannan yawan mutane da gero da dawa da wake da gyaɗa. Ƙasar ta ɗauke su, amma da sharaɗi. A tsakiyar damina, lokacin da noma ya fi tsanani, a lokacin ne rumbu yake kusa da ƙarewa, sabon gero kuma bai nuna ba. Mata su ƙara tuwo da kwaɗon rama da tafasa da zogale. Jikin manomi yakan cika bayan kaka, ya zube da damina, haka shekara da shekaru.

Wasu shekarun kuma abin yakan wuce ramar damina. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, ruwa kuma ya ɗauke a 1913. Yunwar da ta biyo baya a 1914, zamanin Sarki Abbas, ita ce ake kira Kakalaba, kuma ta kashe mutane masu yawa daga arewacin Kano har cikin Nijar. Abdullahi Bayero, wanda ya riƙe Bici yana Ciroman Kano, ya hau sarauta a 1926. Shekara ɗaya bayan haka aka yi yunwar 1927, wadda aka laƙaba wa sunan buhu. Sai 'Yar Gusau a 1942, sai farin 1972 zuwa 1974, wanda dattawan yau suka gani da idonsu. Michael Watts, wanda ya yi bincikensa a Kaita ta ƙasar Katsina, ya tattara wannan tarihi a littafinsa Silent Violence na 1983. Al'ummar da take raɗa wa yunwa suna kamar yadda take raɗa wa 'ya'ya, ba abin mamaki ba ne ta ɗauki tumbi shaidar tsira.

Maƙwabtanmu ma haka. Efik na Kalaba suna da ɗakin da ake killace budurwa ana ciyar da ita kafin aure. Larabawan Azawak na Nijar suna ɗura wa 'yan mata madara da gero tun suna ƙanana, kamar yadda Rebecca Popenoe ta bayyana a littafinta na 2004. A Kano kuwa, kowa ya san ƙwayoyin da ake kira “sha ka fashe”, magungunan asibiti da aka karkatar, wasu na buɗe ciki, wasu na kumbura jiki, waɗanda ke iya jawo hawan jini da ciwon suga.

Akwai kuma wani gado da ba a gani. Binciken da aka yi a kan waɗanda suna ciki lokacin yunwar Holan ta 1944 zuwa 1945 ya nuna cewa waɗanda yunwar ta same su a farkon ciki sun fi saurin yin ƙiba da suka girma. A 2010 aka buga makamancinsa daga Inugu: manyan da aka haifa cikin yunwar yaƙin basasa sun fi waɗanda aka haifa bayanta hawan jini da matsalar suga da nauyin jiki. Jikin da ya fara rayuwa cikin rashi yakan koyi tattali, ya riƙa ajiye duk abin da ya samu. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna cewa fiye da rabin yaran Jihar Kano 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a daidai lokacin da kashi 28 cikin 100 na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Sau da yawa mutum ɗaya ne a zango biyu na rayuwarsa. Yaron da ya tashi a ƙauyen Bici yana tafiya gona a ƙasa, shi ne yau yake zaune a ofis daga safe zuwa la'asar, mota ta kai shi ta dawo da shi, ga shinkafa da taliya da lemon kwalba. Wanda ya kira ƙibarsa haɗama kawai bai karanta rabin labarin ba.

Sarkin da ƙiba ta tuɓe

Neman maganin ƙiba mai tsanani ya girmi tiyata da ƙarnoni. A shekarar 958 manyan masarautar Leon, a arewacin Sifen ta yau, suka tuɓe sarkinsu Sancho na Ɗaya, wanda ƙiba ta kai shi ga kasa hawan doki. Kakarsa, Sarauniya Toda, ta kai shi Ƙurɗuba wurin Halifa Abdurrahman na Uku, shi kuma ya damƙa shi ga likitan fadarsa, Bayahude Hasdai ibn Shaprut. Sancho ya rame, ya hau doki, ya karɓe sarautarsa a 960 da taimakon rundunar Halifa. Ruwayar da ta yaɗu daga baya ta ce ɗinke masa leɓɓa aka yi, ana ba shi ruwan magani ta tsinke. Shekara dubu bayan haka, a shekarun 1970, likitoci a Turai sun gwada kusan irin wannan: su ɗaure wa mutum muƙamuƙi da waya na watanni, ba ya iya shan komai sai ruwa-ruwa. Nauyi yakan sauka, amma da an kwance wayar sai ya dawo.

Dalilin dawowarsa ya fito fili a wani gwaji da Ancel Keys ya yi a Jami'ar Minnesota ta Amurka daga 1944 zuwa 1945. Matasa 36 masu lafiya suka yarda a rage musu abinci zuwa kusan rabi na tsawon mako 24. Sun rasa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Bugun zuciyarsu ya ragu, sanyi ya dame su, jikinsu ya rage ƙona abinci, tunaninsu gaba ɗaya ya koma kan kwano. Da aka sake su, suka riƙa ci ba ƙoshi, har kitsen jikinsu ya wuce inda yake da farko. Jiki ba ya bambanta fari da tsarin rage ƙiba. Duk biyun yunwa ce a wurinsa, kuma yaƙarta yake yi. Wannan ne ya sa mai ƙiba mai tsanani yakan rame da ƙoƙarinsa sau biyar, ya koma sau biyar.

Shigowar wuƙa

Tun 1881 Theodor Billroth ya yi nasarar yanke wani ɓangaren tumbin mai ciwon daji a Biyana, babban birnin Ostiriya. Daga nan likitoci suka lura cewa duk wanda aka rage wa tumbi ko hanji saboda wata cuta, yakan rame kuma ya daɗe a rame. A 1954, a wannan jami'a ta Minnesota, Arnold Kremen da John Linner da Charles Nelson suka buga rahoton tiyatar da ke tsallake mafi yawan ƙaramin hanji, ta yadda abinci zai wuce ba tare da jiki ya tsotse shi ba. A salon da ya fi yaɗuwa, daga hanjin da ya kai kimanin mita 6, abin da ake bari yana aiki bai kai rabin mita ba.

An yi wa dubban mutane wannan tiyata a shekarun 1960 da 1970, kuma a sikeli ta yi nasara ƙwarai. Sai a hankali sakamakon ya bayyana: gudawa ba ƙaƙƙautawa, tsakuwar ƙoda, ciwon gaɓoɓi, raunin ƙashi, da lalacewar hanta da ta kashe wasu shekaru bayan an sallame su ana murna. Zuwa farkon shekarun 1980 an yi watsi da ita, an kuma kwance wa mutane da dama aikin. Wannan shi ne babban darasi na farko a wannan fanni: saukar nauyi ba ita ce lafiya ba, kuma likitan da ya daina bin majinyacinsa bayan wata shida bai san abin da ya aikata ba.

Edward Mason na Jami'ar Iowa ya bi wata hanya. A 1966 ya fara tiyatar ratse: a ware ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbi, a haɗa shi kai tsaye da hanji, abinci ya ratse ya bar sauran tumbin da farkon hanji. A salonta na yau, aljihun bai wuce girman ƙwai ba. Nicola Scopinaro ya kawo nasa salon a Italiya a 1979, Lubomyr Kuzmak ya kawo zoben da ake ɗaura wa wuyan tumbi, ana matse shi ana sassautawa, a 1986. A 1991 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta tsayar da wanda ya cancanta, bisa ma'aunin BMI, wato nauyin mutum a kilo a raba da tsawonsa a mita sau kansa: mai 40 zuwa sama, ko mai 35 da ke fama da ciwon suga ko makamancinsa. Mai tsawon mita 1.70 yakan kai 40 ne idan ya yi kilo 116. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin fannin suka sauko da iyakar zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon suga.

A 1993 Alan Wittgrove da Wesley Clark suka yi tiyatar ratse a San Diego ba tare da tsaga ciki ba, sai 'yan ƙananan huda da kyamara. Wannan ya rage kwanakin asibiti da haɗarin rauni ƙwarai. Wajen shekarar 2000 kuma aka fara tiyatar hannun riga, inda ake yanke kimanin kashi 75 zuwa 80 na tumbi a fitar da shi, a bar siriri mai kama da hannun riga. Da farko mataki ne na share fage ga masu nauyi sosai; da aka ga tana aiki ita kaɗai, sai ta zama wadda aka fi yi a duniya.

Abin da ya ba likitoci mamaki shi ne, ƙanƙantar tumbi ba ita ce dukan sirrin ba. A 1995 Walter Pories ya ba da rahoton cewa masu ciwon suga da aka yi wa ratse, sugansu yakan daidaita cikin kwanaki, tun kafin su rame. A 1999 masu bincike a Japan suka gano sinadarin girelin, wanda tumbi ke aika wa ƙwaƙwalwa cewa ana jin yunwa, kuma mafi yawansa daga ɓangaren da tiyatar hannun riga ke cirewa yake fitowa. Hanji kuma bayan tiyata yakan ƙara fitar da sinadaran ƙoshi, irin su GLP-1. Nan ne bambanci da mutanen Keys: su sun rame yunwa tana cin su, wanda aka yi wa tiyata kuwa yakan rame cikinsa a kwance, aƙalla a shekarar farko.

Binciken da ya fi daɗewa yana bin waɗannan majinyata shi ne wanda Lars Sjöström ya jagoranta a Suwidin tun daga 1987, da mutum sama da 4,000, rabi an yi musu tiyata, rabi ba a yi ba. Rahotonsa na 2007 ya nuna waɗanda aka yi wa ratse sun rasa kashi 32 cikin 100 na nauyinsu cikin shekara ɗaya zuwa biyu, bayan shekara 10 kuma abin ya tsaya a kashi 25. Haɗarin mutuwa a cikin waɗanda aka yi wa tiyata ya ragu da kashi 29 cikin 100. A fassara shi da kilo: mai 120 zai iya sauka zuwa wajen 82, sannan ya ɗan hau ya zauna a wajen 90. Wannan ita ce nasara a ma'aunin likita, ko da ba ita ce ta hotunan talla ba.

Shekarar farko, mataki-mataki

Kwana ɗaya zuwa uku ake yi a asibiti, kuma tun ranar farko ake tayar da majinyaci ya taka, don kada jini ya daskare a ƙafa ya tafi huhu. A ƙwararrun cibiyoyi, mutuwa a watan farko tana tsakanin mutum 1 zuwa 3 cikin 1,000. Abin tsoro a makonni biyun farko shi ne ɗinki ya yi yoyo. Alamarsa ta farko sau da yawa bugun zuciya ne da ya wuce 120 a minti, da zazzaɓi, da ciwon ciki ko na kafaɗar hagu. A ƙasar da kowane zazzaɓi maleriya ne har sai an tabbatar da akasin haka, wannan kuskure yana iya cin rai. Wanda ya hau jirgi ya dawo kwana biyar bayan tiyata, a Kano wannan haɗari zai same shi, nesa da wanda ya yi ɗinkin.

Mako ɗaya zuwa biyu na farko ruwa-ruwa ne kawai: romo tatacce marar kitse, madara, kindirmo marar suga. Sai makonni biyu na abin da aka niƙa lukui, sai mai laushi kamar dafaffen ƙwai da kifi da alale da awara. Wajen mako na shida zuwa takwas ake komawa abincin gida, 'yan cokula kaɗan, a tauna sosai. Jiki yana bukatar furotin giram 60 zuwa 80 a rana don kada ya cinye tsokarsa, shi ya sa ake fara cin nama ko wake ko ƙwai kafin a taɓa tuwo. Wannan ya juya tsarin kwanonmu, inda tuwo ne sarki, nama kuma ɗan rakiya. Ba a haɗa ci da sha. Sai an yi kamar rabin sa'a tsakani. Ana bukatar ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, kurɓi-kurɓi, domin ba halin ɗaga kofi a shanye. A zafin Afrilu na Kano, da yakan wuce digiri 40, bushewar jiki tana cikin abubuwan da suka fi mayar da mutum gadon asibiti.

Zaƙi yana da hukuncinsa nan take, musamman bayan ratse. Idan suga ya zuba cikin hanji kai tsaye, sai gumi da jiri da bugun zuciya da gudawa. Wanda bai sami wannan gargaɗi ba kuma yana cikin wani haɗarin: fura da suga, kunun zaƙi, zoɓo, shayi mai kauri da lemon kwalba duk suna wucewa ta ƙaramin tumbi ba tare da sun cika shi ba. Da su ake rushe tiyata a hankali.

Nauyi yakan zuba da sauri a wata shida na farko, ya riƙa tsayawa na makonni yana ci gaba, ya kai ƙarshen saukarsa tsakanin wata 12 zuwa 18. Tsakanin wata na uku da na shida gashi yakan zube, sannan ya dawo. Saurin rama yana iya haifar da tsakuwa a matsarmama. Fata takan saki. Maganin suga da na hawan jini sai an sake auna su tun makon farko, domin adadin da ya dace da jiya yana iya kayar da mutum yau.

Sai abin da ba ya ƙarewa: bitamin. Sabon tumbi ba ya tsotsar bitamin B12 da sinadarin ƙarfe mai gina jini da kalsiyam yadda ya kamata, don haka ƙwayoyin ƙari da gwajin jini na shekara-shekara sun zama na har abada. Mafi gaggawa shi ne bitamin B1, wanda ajiyarsa a jiki ba ta wuce ta mako biyu zuwa uku ba. Majinyacin da ya yi kwanaki yana amai, ya fara ruɗewa, yana tangaɗi, idonsa na rawa, yana bukatar allurar B1 nan take. Idan aka ɗaura masa ruwan suga ba tare da ita ba, kamar yadda aka saba yi wa duk wanda ya galabaita, ana iya lalata masa ƙwaƙwalwa har abada. Magungunan ciwon jiki da ake saya a kemis ba takarda, irin su ibuprofen da diclofenac, suna iya haƙa gyambo a wurin ɗinki. Mace kuma ana so ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, ga shi kuwa haihuwa takan buɗe da zarar nauyi ya sauka, har ga wadda ta daɗe tana nema. Azumi ma likitoci da dama suna ba da shawarar a ɗage shi wata shida zuwa shekara, kuma shari'a ta riga ta yi wa mara lafiya sauƙi.

Darasin Maradona

Masu kallon ƙwallo suna tuna 25 ga Yuni 1994, ranar da Ajantina ta ci Najeriya 2 da 1 a gasar cin kofin duniya, bayan Samson Siasia ya fara zura ƙwallo. Wannan ne wasan Diego Maradona na ƙarshe ga ƙasarsa, domin gwajin da aka yi masa bayan wasan ya nuna efedirin, sinadarin da ake samu a magungunan rage nauyi. A Maris 2005, bayan ciwon zuciya ya kusa kashe shi, aka yi masa tiyatar ratse a Cartagena ta Kolombiya. Zuwa watan Agusta ya fito yana gabatar da shirinsa na talabijin, da ƙyar ake gane shi. Shekara goma bayan haka, a Nuwamba 2015, sai da aka sake yi masa wata tiyatar a Maracaibo ta Benezuwela, domin nauyin ya dawo. Ya rasu a 2020 yana da shekara 60. Kuɗi da manyan likitoci ba su gagare shi ba. Tiyata ta gyara tumbinsa, rayuwar da ke kewaye da tumbin kuwa tana nan yadda take.

A wannan shekara ta 2005, a watan Oktoba, Stella Obasanjo ta rasu a Marbella ta Sifen bayan aikin zuƙe kitse. Mutane da yawa suna haɗa ayyukan biyu, alhali sun bambanta. Zuƙe kitse gyaran sura ne, ba ya taɓa ciwon suga ko hawan jini. Tiyatar tumbi magani ce ga cuta, kuma ana auna haɗarinta ne da haɗarin cutar.

Allurorin zamani ma ba su soke darasin ba. Semaglutide, wadda Amurka ta amince da ita don rage ƙiba a 2021 da sunan Wegovy, tana kwaikwayon GLP-1 ne, kuma a gwaji ta sauke kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyi. Waɗanda suka daina ta, kashi biyu cikin uku na abin da suka rasa ya dawo cikin shekara ɗaya. Ƙiba mai tsanani ciwo ne na zama, kamar hawan jini. Ana riƙe shi ne, ba a sallamarsa.

Jego a juye

Bahaushe ba baƙon doguwar jinya ba ne. Jego makaranta ce sukutum: kwana 40, uwa ko kaka ta tare, ta karɓi ragamar abinci da wanka da barci, dangi su yi ta kai-komo. Ƙasashe da yawa ba su da irin wannan gata. Amma a shekarun 1970, Neil Davidson da Eldryd Parry a asibitin koyarwa na Zariya suka nuna alaƙa tsakanin kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon wuta, da ciwon zuciyar da ke kama masu jego a yankin. Kulawar ba ta da laifi, abin da aka zuba a cikinta ne ya bukaci gyara.

Wanda aka yi wa tiyatar tumbi yana bukatar jego, amma a juye. Dubiyarmu da kwano take zuwa, kuma kalmar ƙauna ga mara lafiya ita ce “daure ka ƙara”. Ga wannan majinyaci, loma ɗaya ta ƙari amai ce. Zai zauna a gidan biki ya ci cokali huɗu ya janye hannu, uwar gida ta ga kamar an raina girkinta. Zai rasa kilo 30 cikin wata shida, unguwa ta fara raɗe-raɗin ƙanjamau ko sammu ko karayar arziki. Saboda gudun wannan, da gudun a ce ya kasa riƙe bakinsa, mutane da yawa suna ɓoye tiyatar har ga 'yan uwansu. Ɓoyewar ita ce mafi haɗari, domin ranar da aka kai shi asibiti a sume, babu wanda zai gaya wa likita cewa cikinsa ba irin na kowa ba ne.

Saboda haka, wanda yake tunanin wannan mataki, daga Bici yake ko daga Nasarawa, tambayoyin da suka fi farashi da sunan asibiti muhimmanci su ne na bayan dawowa. Wane likita ne a Kano ya san da tafiyar tun kafin a yi ta, kuma ya yarda zai karɓi majinyacin? Za a zauna kusa da asibitin da aka yi aikin har makonnin yoyo su wuce? Za a dawo da rahoto a rubuce, cikin harshen da likitocin gida ke karantawa, mai bayyana ainihin abin da aka yanke da abin da aka haɗa? A ina za a riƙa gwajin jini, kuma aljihu zai ɗauki kuɗin bitamin na shekara 30? Wa ke girki a gidan, kuma an zaunar da ita an yi mata bayani? Idan ba a amsa waɗannan ba, an sayi rabin magani ne da cikakken kuɗi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba. Asibitocinmu, da aka gina don maleriya da haihuwa da tamowa, za su ƙara ganin waɗannan majinyata, ko sun shirya ko ba su shirya ba. Abu mafi araha da za a fara da shi shi ne ɗan kati a aljihun kowane majinyaci, mai ɗauke da sunan tiyatar da ranar da aka yi ta, da gargaɗi biyu ga duk ma'aikacin lafiyar da ya karɓe shi: a ba shi B1 kafin ruwan suga, kuma kada a ɗauki zazzaɓinsa a matsayin maleriya kafin a duba cikinsa.